Shekarar da Anka Maido da Lamhon Illa

Tun da gwiwoyina sunka ƙi kai ni gona nake jin ku kuna ƙus-ƙus a kan tumakin da ke bayan ɗaki. Kuna tsammani kunnena ya mutu tare da ƙafafuna. To bai mutu ba. Na ji wanda ya ce tsoho ya ruɗe, yana kiwon dukiya yana cewa ba tashi ba ce. Na kuma ji wadda ta ce ranar da na kwanta dama za a raba su yadda za a raba gona. Ba za a raba ba. Shi ya sa na sa aka rubuta muku wannan, don ku san inda tumakin nan sunka fito. In kun gama karantawa sai ku yanke ko na ruɗe, don ni kaina har yau ban gama sani ba.

Ina da wa, sunanshi Illa. Ba ku san shi ba, ko hotonshi babu a gidan nan. Shi ne ɗan farin Inna, kakarku. Bayan shekarar da hatsi ya ƙi, babanmu Tanko kuma ya riga ya rasu, sai Illa ya rataya jakarshi ya bi samari cin rani can Kurmi, ya ce kafin ruwan farko yana gida. Ya bar matarshi Hadiza da goyon ɗiyarsu Zali. Shekarar farko ya aiko da turmin zane da sabulu. Ta biyu ya aiko da gaisuwa. Daga nan sai shiru. Wani direba ya ce ya gan shi a Ikko yana tura amalanke. Wani ɗan kasuwa ya rantse a Kamaru ya gan shi, har ya tara gemu. Wani kuma ya zo har zaure ya sunkuyar da kai yana Allah ya sa mu cika da imani, da anka matsa mishi sai ya ce a'a, shi fa bai ga gawa ba, ji ya yi a tasha. Haka munka zauna shekara da shekaru, ba mu yi kuka ba, ba mu kuma daina duban hanya ba.

Akwai abin da sai na bayyana muku, ku na yanzu da ke ƙwala wa ɗan fari kira da sunanshi gatsau a tsakiyar mutane. A zamaninmu uwa ba ta faɗin sunan ɗanta na fari. Kunya ce, kuma Inna ta riƙe ta da ƙarfi. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunan Illa a bakinta ba. Yana gida tana ce mishi "wancan", da ya tafi ya koma "mai tafiya". Hadiza kuma mace ba ta kiran sunan mijinta, sai dai ta ce "shi". Ni da ke iya faɗi, in na faɗa sai tsakar gida ta yi tsit, har na daina. Sunan ya rasa bakin da zai fito a gidan da anka raɗa shi, sai rana guda a shekara, ranar lamho.

Lamho shi ne kuɗin kai da kowane baligi ke biya wa gwamnati bayan an kai hatsi rumbu. Maigari kan zauna a ƙofar gidanshi, mai kira ya tsaya yana ɗaga murya gida-gida, suna-suna, maigida ya matso ya ajiye. Darnin gidanmu kuwa yana jikin wannan fili. Duk ranar lamho Inna sai ta jawo tabarmarta bakin darni da ƙwaryar wake, wai tsinta take yi. Ƙarya ne, waken nan ko tsakuwa guda ba ta fita daga cikinshi. Saurare take. In mai kira ya ce, "Illa na Tanko!" sai ni in amsa da ƙarfi, "Ga nashi!" in ajiye. Kuɗin ba nawa ba ne. Na daddawar da take dafawa ne, tana tara su a ƙulle a bakin zanenta tun daga damina, ko ciwo take ba ta kwance ƙullin nan ta sayi magani. A wurinta, mutumin da gwamnati ke amsar kuɗin kanshi yana nan da kanshi.

To a shekarar da nake ba ku labari, mai kira ya kira ni, ya kira matan gida, ya tsallake zuwa gidan maƙwabta. Na tsaya da kuɗi a hannu kamar wanda ya zo biki a ranar da ba ita ba. Na ce ko ya manta ne. Ina shirin yi mishi magana sai Maigari ya yafuto ni, ya tashi ya shige zaure, na bi shi. Ya laluba bayan wata tukunya ya fiddo gwangwanin madara da anka toshe da tsumma, ya miƙo mini.

"Audu, amshi. Kuɗin uwarka na. Na Illa."

Na ce, "Ranka shi daɗe, ai kawowa na yi, ba amsa ba."

Sai ya gaya mini abin da ya daɗe yana ɓoyewa. Ashe tun lokacin da masu ƙidaya sunka zo suna tambayar wa ke kwana a kowane gida, wanda duk ya daɗe ba ya nan an cire shi. Takardar da ta dawo daga Konni babu Illa a ciki. Maigari ya ce ranar lamhon wannan shekara ya hango Inna ta tsakanin karan darni da ƙwaryarta, ya kasa, sai ya ce wa mai kira ya ci gaba da kira kamar da. Kowace shekara in na ajiye sai ya ware ya jefa a gwangwani.

"Bana in Allah ya yarda zan sauke farali," in ji shi. "Ba ni hawa jirgi da kuɗin tsohuwa a wuyana. Ba na gwamnati ba na, ba nawa ba na. Kai mata."

Na fito da gwangwanin a hannu. A garinmu an san gwamnati da amsa. An san a sayar da akuya don lamho, an san a shanya mutum a rana don lamho. Amma a ce ga lamhonka an maido, wannan ko a bakin tsofaffi ban taɓa ji ba. Na shiga gida na tarar da Inna tana nan bakin darni, hannunta a cikin wake bai motsi. Na durƙusa na ajiye gwangwanin a gabanta. Ko kallonshi ba ta yi ba.

"Ban ji an kira ba."

"Ba a kira ba, Inna. Wanga kuɗinki na, an maido."

"An maido? Wa ya mutu?"

"Ba wanda ya mutu."

"To in ba wanda ya mutu, kai musu abinsu."

Kun san Inna ta ƙarshen rayuwarta, mai ba ku gujiya a ɓoye. Ba ku san ta da ƙarfinta ba. In ta ce a kai, kaiwa ake. Ranar da mota ta samu na taka zuwa Dogarawa, na hau bisa buhunan albasa har Konni, da gwangwanin madara a cikin riga, ina tafiya roƙon gwamnati ta amshi kuɗi. A ƙofar buro, wato ofishin gwamnati, wani gardi ya tare ni ya ce mi ya kawo ni. Na ce lamho zan biya. Ya ce ba a biya a nan, in koma ga maigarinmu. Na ce Maigari ya ƙi amsa. Ya dube ni sama da ƙasa, ya kira ɗan'uwanshi ya ce zo ka ji wani abu, sunka sa na maimaita, sunka yi dariya har da dafa bango. Amma dai sun shigar da ni. A ciki na sami wani komi, wato magatakarda, yaro ne matashi mai tabarau, bai yi mini dariya ba, Allah ya saka mishi. Ya saurare ni har na ƙare, sa'an nan ya ajiye alƙalaminshi.

"Mutumen ga yana da rai?"

"Ban sani ba."

"Ya mutu?"

"Ban sani ba."

"To baba, mi kake so in rubuta?"

Ya kira ni baba, ni da ko furfura ban fara ba a lokacin, don dai ya ga yadda na tsufa a gabanshi. Ya ce hanya biyu ce. In kawo Illa da ƙafarshi, yau ɗin nan ya maida sunanshi ya amshi kuɗi. Ko in kawo shaidun da sunka ga mutuwarshi, ya ba ni takarda. Na ce ba ni da ko ɗaya. Ya buɗe hannuwa ya ce shi ma ba shi da wurin da ake rubuta "ba a sani ba". Ya ce tun da ya kama aiki mutane ke zuwa suna kuka kar su biya, yau ya ga mai roƙo a amsa, kuma wallahi ba shi da ikon amsa. Na ce to in bar mishi shi ya ci. Ya ce subhanallahi, in rufa mishi asiri in tashi.

Na fito na shiga kasuwar Konni ban san inda nake sa ƙafa ba. Masu canji suna ta kira in kawo a maida mini naira. Wani mai rediyo ya kama mini riga yana cewa daga gani akwai nauyi a aljihuna. Ni kuwa ji nake kamar na sato wani abu, alhali an ƙi amsa ne daga hannuna. Ko ruwa ban saya da kuɗin nan ba, da ƙishina na koma gida.

Daga wannan rana gwangwanin ya hana gidanmu sakat. Inna da ta ji yadda anka yi a buro sai ta ce ba komi, tunda sun ce a kawo shi da ƙafarshi, a ajiye kuɗin, mai tafiya na zuwa ya kai musu da kanshi. Uwarku Rabi kuma, tana goyonka kai Sani, ta ja ni bayan rumbu ta sa na leƙa ciki.

"Duba da idonka. Wanga hatsi ba shi kai mu shuka, balle nunar gero. Yanzu tiya na da araha. Allah ya maido muku kuɗi daidai lokacin da kuke so, kai kuma kana yawo da su cikin riga kamar laya."

Na ce ba kuɗina ba ne. Ta ce to na wa ne? Na Inna ne, amma ta ce ba nata ba ne. Na Illa ne, amma bai taɓa ganinsu ba. Na gwamnati ne, gwamnati ta ce a'a. Na je wurin Liman ya ce halal ne tsantsa, duk abin da anka yi da su daidai ne. Na gode mishi na fito da ruɗanina yadda na shiga da shi.

Wadda ta fi tsaya mini a rai ita ce Hadiza. Kun san wasan da ke tsakanin mace da ƙanen mijinta. Hadiza ta iya shi fiye da kowa. Ƙaramin miji take ce mini, in na dawo gona ta ce ga ragon maza ya noma kunya biyu ya dawo, in ce ita kuma tuwonta ko jaki ya taka ba ya lotsewa. Da wannan wasa ta riƙe gidan nan shekarun nan duka. Ran nan da hantsi na same ta tana sussuka ita kaɗai, na jefa mata wasa, ba ta cafe ba. Ta jingine taɓarya.

"Audu, in tambaye ka. Ni mi ce cikin gidan ga?"

"Kamar yaya?"

"Matar aure nike ko mai takaba? Liman ya gaya ma babana tuni lokacin jira ya wuce, kalma guda ake jira daga gidan ga. Ni ba ni kai ƙarar tsohuwa, ta riƙe ni kamar ita ta haihe ni. Amma ga kuɗi nan Allah ya maido. Sayi gero a daka gumba a raba mishi sadaka, in san inda nike tsaye. Na gaji."

Ba ta yi kuka ba. Da ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta ɗauki taɓaryarta ta ci gaba.

Kun ga inda na tsaya. In na ajiye kuɗin, na ce Illa na da rai, Hadiza ta ci gaba da zama. In na yi gumba, na kashe shi da hannuna a gaban uwarshi, ba gawa ba shaida. In na sayi hatsi munka ci, to mun cinye kuɗin kanshi, ban san da wane ido zan dubi Inna tana haɗiyar tuwon ba. Kowace ta faɗi gaskiya, abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Da akwai mai ƙarya a cikinsu da na huta. Na dinga canza wa kuɗin wuri, yau cikin jinka, gobe ƙasan rumbu, jibi cikin tsohon takalmi. Abinci ya daina yi mini daɗi. In Rabi ta yi magana in hau ta da faɗa ba dalili. Ranar da na tono su na ga gara ta fara cin kunnen takarda guda, na ce to, ko ban yanke ba ƙasa za ta yanke mini.

Ranar kasuwar Badagishiri na ɗauki ɗan waken da na rage na tafi. Wallahi da niyyar hatsi na fita, na ce wa Rabi ta kwantar da hankalinta. Na sayar da wake, na nufi ƴan hatsi, har na sa hannu cikin buhu ina duba ƙwaya. Sai na tuna Inna da ƙwaryarta a bakin darni, na zare hannuna. Na ce to gumba. Na tuna sai na dube ta na ce mata an yi sadakar ɗanta, ƙafafuna sunka ƙi. Ina ta zagaye har na tsinci kaina a wurin dabbobi. Can gefe wani Bafillace na riƙe da wata tunkiya uda, ramammiya, ƙashin bayanta duk a waje, da ɗan ragonta na biye da ita. Shi ma hatsi yake nema. Ban san lokacin da na fara ciniki ba. Kuɗin gwangwani ba su kai ba, na cika da na wakena duka. Ina jan igiya ina ce wa kaina, kai Audu akwai dabara, wannan ba a ce ka kashe ba, ba a kuma ce ka binne ba, gara ba ta cin tunkiya. Har murmushi nake a hanya, sakarai.

Inna ta fito ta buɗe bakin tunkiyar ta duba haƙora, ta shafa ɗan ragon, ta ce a kafa musu turke kusa da ƙofar ɗakinta, mai tafiya zai tarar da dukiyarshi ta ƙaru. Rabi ta tsaya da kai Sani goye a bayanta, ta dubi hannuna ba buhu ba tiya.

"Na aike ka hatsi, ka kawo mini baki biyu."

Da na gama buga turken sai ga Hadiza. Ta zo wucewa da tulu, ta yi magana a hankali yadda ni kaɗai zan ji.

"Sannu da aiki, Audu. Ka ɗaure mu mu uku."

Daga ranar ba ta sake ce mini ƙaramin miji ba.

Abin da Rabi ta faɗa kuwa bai faɗi ƙasa ba. Kafin ruwa ya sauka rumbu ya nuna gindinshi. Tiyar da na ƙi saya da araha sai da na saye ta da tsada, da kuɗin ƙwadago. Ina noma gonakin mutane a kwarin Badagishiri, tawa gonar ciyawa na cin ta. Nonon Rabi ya ja baya, kai Sani kana ta tsala kuka, in ta dube ni sai in kau da kai. Inna kuwa rabin furarta a bakin ragon nan take ƙarewa. Tana tsinto mishi harawa, tana wanke shi, tana zama kusa da shi tana ƴan maganganunta. Mu muna ramewa shi yana cika, har ya zama ragon da in ka wuce sai ka waiwaya. Da Layya ta matso wani dillali ya zo har gida ya taya shi da abin da zai kai mu sabon gero. Na shiga na durƙusa na gaya wa Inna. Ta ce ba nata ba ne balle ta sayar. Na fito na zauna a zaure, raina ya ɓaci da kowa. Na ji haushin Inna, na ji haushin gwamnati da ta maido, na ji haushin Maigari da ya wanke wuyanshi ya ɗora mini. Wanda na fi jin haushi shi ne Illa. Na ce in kana da rai, wane irin mutum ne kai? In kuma ka mutu, mi ya hana ka mutu inda za a gani?

Ranar jajibiri mai kitso ta zo gidanmu. Duk Salla Hadiza kan yi kitso da lalle, don matar aure ce, ko mijin ya diro ranar. Ina gyaran wuƙa a gefe, Inna na zaune wurin ragonta. Mai kitson nan, mace mai surutu, tana cikin tsaga sai ta yi shewa.

"Ke Hadiza! Hurhura! Wallahi ga ta nan hwara tas!"

Ta tsige ta tana dariya tana nuna wa mata. Hadiza ta yi ɗan murmushi ta ce a jefar. Sai Inna ta miƙo hannu ta ce a ba ta ta gani. Anka sa mata a tafin hannu. Ta daɗe tana dubanta, ta kai ta kusa da ido, ta nisanta. Ita ce ta je ta ɗauko Hadiza tana yarinya ɗanya, ita ta wanke ta ranar da ta shigo gidan nan. Ta tashi ta shige ɗaki da gashin a hannu, ko tuwon dare ba ta fito ta ci ba. Ban ce muku wannan ne ya juya ta ba, ban shiga zuciyarta ba. Abin da na gani nake faɗi.

Da safe mun sauko idi, gari ya ɗauki hayaƙi, kowa na fiƙe itacen da za a banƙare rago a jikin wuta. Mu ba mu da abin yankawa, na riga na haƙura. Ina shiga na tarar da Inna a tsaye, ta kwance ragon da kanta tana riƙe da igiya.

"Audu, yanka."

Ku gane, layya ta mai rai ce. A gasa ta, gida ya ci, a raba saura. Sadaka kuwa ta wanda ya riga mu ce, ɗanya ake fitar da ita. Rago guda ne, wuƙa guda, amma sai na san da wace niyya zan sa ta. Rabi ta fito bakin ɗaki. Hadiza na tsaye wurin murhu da sabon kitsonta da jan lalle a hannu.

Na ce, "Inna, in hiƙe itace?"

Ta ce, "A'a."

Na ce, "To da sunan wa?"

Bakinta ya yi ta motsi ba abin da ya fito. Sai ta ɗaga kai, ta faɗa da murya irin ta mai kira a fili, har maƙwabta sun ji.

"Sadakar Illa ta. Illa ɗana."

Tun da anka haife ni ban taɓa jin shi a bakinta ba sai ranar. Na yi kuka, ba na ɓoye muku, ina yanka ina kuka kamar yaro. Rabi, wadda ta yi wata da watanni tana mafarkin nama, ita ta ɗauki tire ta bi gida-gida da kai Sani a bayanta, ko hanta ba ta rage ba. Inna kuwa ta shimfiɗa tabarmarta a tsakar gida ta kira Hadiza ta ce ta zauna a gabanta. Ta sa yatsunta cikin kitson da anka yi jiya ta fara tsefewa, layi bayan layi, tana yi a hankali kar ta ja mata gashi. Ranar Hadiza ta shiga takaba. A nan ne ta yi kukan da ta daɗe ba ta yi ba, ta kifa kai a gwiwar tsohuwa, tsohuwa na tsifa ba ta fasa ba.

Bayan ta fita takaba Liman da manya sunka kammala abin da ya rage, ta yi aure a wajen Alela, ta haifi ƴaƴa. Ranar da za ta tafi ta tsaya a ƙofar zaure ta ce, "Ƙaramin miji, a riƙa ba tunkiyar ga ruwa, na san ka da ƙiwa." Tunkiyar ta rage a turke, ta yi ta haihuwa. Duk abin da kuke gani a bayan ɗaki jikokinta ne. Na Zali ne da ɗiyanta, gadon ubanta, in gado ne. In kuma ba gado ba ne, ajiyarshi ce, ranar da wani tsoho ya yi sallama ya ce shi ne Illa na Tanko ku ba shi ruwa ku nuna mishi garke. Ko ta wace hanya ba naku ba ne. Kuɗin wakena da na cika da su na yafe tuni, kar wani ya tashi da lissafi.

Kuna iya tambayata ko daidai na yi a kasuwar Badagishiri. Rabi har ta rasu tana cewa da na sayi hatsi da kai Sani ka fi haka tsawo. Hadiza ta taɓa ce mini na ƙara mata damina guda a banza. Wata rana kuma ta ce da gumba na daka da hannuna, da tsohuwa ba ta yafe mana ba har kabari. Duka na yarda.

Inna ba ta sake faɗin sunan ba. Na ɗauka ta rufe maganar ke nan. Ranar lamho ta daina fitowa bakin darni, tana zama a ɗaki har a watse. Da ta rasu, matan da sunka yi mata wanka sunka kira ni gefe sunka ba ni wani ƙulli da sunka kwance a bakin zanenta. Na buɗe. Kuɗin lamhon mutum guda ne, cif, ba ƙari ba ragi. Suna nan cikin gwangwanin madarar, ƙarƙashin gadona. Yanzu ko goro ba su saye. Ban kashe su ba, kuma in kun tambaye ni wa nake ajiye wa, ban sani ba.